Awon Ƙwaƙwalwar 'Yan Wasa Tun Ana Lafiya: Na Ɗan Shekara 13 Ba Ya Yi wa Ɗan 16 Aiki

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanmu da sake haɗuwa.

[Hoto: filin ƙwallo na unguwa bayan la'asar, ƙura na tashi]

Duk wanda ya saba tsayawa bakin fili da yamma a garin nan na Kano ya taɓa ganin wannan. An bugo kwana, yara biyu sun yi sama kowa zai sa kai, sai ka ji ƙum, kai ya gamu da kai. Ɗaya ya miƙe yana sosa goshi, ɗayan ya ɗan jima a ƙasa. A ruga da ruwan leda a kwara masa, koci ya kama hannunsa ya ɗago shi ya ce, "Kai, ka ji ciwo ne?" Yaro ya ce, "A'a Koci, ba komai, zan iya." 'Yan kallo su ce ai namiji ne, rafali ya busa, a ci gaba.

Babu jini, babu karaya, bai suma ba. To da me za a gane ko abin ya taɓa ƙwaƙwalwarsa?

Ƙwaƙwalwa aba ce mai taushi, tana zaune ne cikin wani ruwa a ƙoƙon kai. Idan kan ya bugu, ko aka bangaji jiki da ƙarfin da ya fizgi kan, sai ta girgiza a ciki, aikinta ya rikice na wani lokaci. Likitoci na kiran wannan konkoshan, mu kuma a shirin nan za mu ce girgizar ƙwaƙwalwa. Abu biyu ne ke sa ta ɓuya. Na farko, mafi yawan waɗanda ta sama ba sa suma, a cikin goma da wuya ka sami fiye da ɗaya da ya suma. Na biyu, ko an kai yaro an ɗauki hoton kansa, galibi hoton zai fito lafiya lau, domin abin da ya taɓu yadda ƙwaƙwalwar ke aiki ne, kuma wannan ba ya fitowa a hoto.

Masu kallon ƙwallo za su tuna wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, Jamus da Ajantina a filin Maracana. Ɗan wasan Jamus Christoph Kramer ya yi karo da kafaɗar Ezequiel Garay tun a farkon wasa, ya tashi ya ci gaba da bugawa kusan minti 14. Daga baya alƙalin wasan, Nicola Rizzoli, ya ba da labarin cewa Kramer ya zo ya tambaye shi wai shin wannan ne wasan ƙarshe? Mutum yana gudu, yana ba da ƙwallo, duniya na kallonsa, amma bai san wasan da yake bugawa ba. Idan haka ta faru a gaban likitoci da kyamarori, ina ga filinmu da ba kowa sai koci da jarkar ruwa?

A nan ne maganar gwajin tushe ta shigo. Ma'anarsa a sauƙaƙe ita ce a auna yadda ƙwaƙwalwar ɗan wasa ke aiki tun yana lafiya, kafin a fara kakar wasa, a rubuta a ajiye. Ranar da ya bugu sai a sake auna shi, a gwada shi da kansa na da. Kamar dai tela ne da littafin awonsa. Tela ba ya ɗinka maka riga da awon maƙwabcinka don kawai sa'anninka ne, naka yake buɗewa. Haka ƙwaƙwalwa take. Wani yaron da ma can Allah ya hore masa riƙe abu, a karanta masa sau ɗaya ya haddace. Wani sai an maimaita. Idan mai kaifin haddar nan ya bugu ya sauko ya yi daidai da sauran yara, wanda bai san shi ba zai ce lafiyarsa ƙalau, alhali shi ya yi ƙasa sosai daga inda yake.

Me ake aunawa? Fitaccen gwajin takarda da ake amfani da shi a duniya sunansa SCAT. Na baya-bayan nan shi ne SCAT6, wanda ya fito a 2023 bayan taron ƙwararru da aka yi a birnin Amsterdam a watan Oktoban 2022. An yi shi ne don 'yan shekara 13 zuwa sama, 'yan 8 zuwa 12 kuma suna da nasu daban. A cikinsa akwai jerin alamomi 22, irin su ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ganin dishi-dishi, rashin son haske ko hayaniya, kasala da saurin fushi, yaro ya ba kowace maki daga sifili zuwa 6 gwargwadon yadda yake jin ta. Sai a karanta masa kalmomi goma ya maimaita, har sau uku, makin ya kama 30 ke nan idan ya kawo duka. Sai a faɗi lambobi ya mayar da su ta baya: an ce 4, 9, 3, ya ce 3, 9, 4, ana ƙara musu tsawo. Sai ya jero watannin shekara daga Disamba ya dawo Janairu ana duba agogo. Sai tsayuwa: hannu a ƙugu, ido a rufe, ƙafa biyu a haɗe, sannan ƙafa ɗaya, sannan ɗaya a gaban ɗaya, kowace daƙiƙa 20, ana ƙirga sau nawa ya yi tangaɗi. Akwai tafiya a kan layi mai tsawon mita 3, dunduniya na taɓa yatsu. Bayan aƙalla minti 5 kuma a ce masa, kalmomin nan goma na ɗazu, kawo waɗanda ka tuna.

Akwai kuma na kwamfuta. Wanda ya fi shahara shi ne ImPACT, da aka ƙirƙira a birnin Pittsburgh na Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da shi a 2016. Yana ɗaukar wajen minti 20 zuwa 25, yana auna riƙe kalmomi, riƙe siffofi, saurin aiki da ido da hannu, da zafin nama, wato tazarar da ke tsakanin ganin abu da danna madanni. Shi na kuɗi ne, takardar SCAT6 kuwa kyauta ake sauke ta a intanet, sai dai ma'aikacin lafiya aka yi wa ita, ba koci ba.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya sosai, batun shekaru.

[Hoto: tela na auna yaro da tef, sannan yaron ya girma rigar ta ɗage]

Kowace uwa a Kano ta san rigar Sallar bara ba lalle ta shiga bana ba. Yaro ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kafin ya kai ajin ƙarshe na babba ya zama wani mutum daban, murya ta buɗe, kafaɗa ta faɗaɗa, takalmi ya matse. Wannan muna ganinsa da ido. Abin da ba ma gani shi ne irin wannan girman yana faruwa a cikin kai. A shekarun balaga jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna ƙara samun wani rufi mai maiƙo da ke sa saƙo ya riƙa gudu da sauri, kamar yadda ake rufe wayar lantarki da roba. Hanyoyin da ake yawan amfani da su suna ƙarfafa, waɗanda ba a bi kuma suna raguwa. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, mai kula da tsara abu da natsuwa da kame kai, shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya gama girma sai mutum ya haura shekara 20, wajen 25.

Shi ya sa idan aka tara 'yan wasa masu lafiya, 'yan 13 da 'yan 15 da 'yan 17, aka yi musu gwaji iri ɗaya, manyan kan fi ƙananan, kuma bambancin ya fi fitowa a wajen sauri da zafin nama. Ƙananan ba su da wata matsala, lokacinsu ne bai yi ba.

Ku dubi haɗarin da ke ciki. A ce wani yaro an auna shi yana da shekara 13, ya jero watanni ta baya cikin daƙiƙa 25. Aka rubuta, aka ajiye littafi, ba a sake waiwaya ba. Yanzu ya kai 16, da za a auna shi yana lafiya, a ce cikin daƙiƙa 15 zai gama. Sai ya bugu a wasa, aka auna shi bayan kwana biyu, ya yi cikin daƙiƙa 24. Mai riƙe da tsohon littafi zai duba ya ce alhamdu lillahi, har ya fi yadda yake a da, ya koma fili. Alhali ciwon ne ya jawo shi baya har ya koma saurin ɗan shekara 13. Tsohon awon nan da aka ajiye don a kare shi, shi ne ya rufe ciwon. Wannan ne abin da ya fi damuna a duk maganar, domin wanda ba shi da awo ko kaɗan yakan yi shakka ya ajiye yaro, mai tsohon awo kuwa da ƙwarin gwiwarsa zai mayar da shi.

Saboda haka ne hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke ba da shawarar a sabunta yawancin sassan gwajin kowace shekara, na kwamfuta kuma ana iya yinsa duk bayan shekara biyu. Ni a ganina, ga yaron da ke tsakiyar girma, wanda za ka yi wata shida ba ka gan shi ba ka kasa gane shi, shekara-shekara ta fi kwanciyar hankali. Amma kada a mayar da shi abin kowane mako, don yaro na iya haddace gwajin makinsa ya hau ba don ya ƙara lafiya ba. Dalilin da ya sa takardar ke ɗauke da jerin kalmomi fiye da ɗaya ke nan, a riƙa sauyawa.

Sai wata magana tamu ta gida, wadda ba a cika son faɗa a fili ba: shekarun ƙwallo. Kowa a harkar nan ya san akwai shekarun da ke kan takarda, akwai kuma waɗanda Inna ta sani. Matsalar ta kai FIFA ta fara ɗaukar hoton wuyan hannun 'yan wasa da na'urar MRI don tantance shekaru a gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009, gasar da aka yi a nan Najeriya, har filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi wasu daga cikin wasannin. Wani yaron ma ba rage shekaru ya yi ba, a gida aka haife shi, ba a yi masa takarda ba, sai kintace. To gwajin kwamfuta yana ɗaukar makin yaro ne ya gwada da na sa'anninsa bisa shekarun da aka shigar. Idan ɗan 19 aka shigar da shi a matsayin ɗan 15, ya bugu, makinsa ya faɗo, na'ura za ta iya cewa daidai yake da 'yan 15, ba matsala. Don Allah, kociyoyinmu da iyaye, duk abin da ke kan fom ɗin gasa, littafin lafiya a rubuta masa shekarun gaskiya. In ba a san ranar ba, a tambayi mahaifiya, za ta tuna ko da azumin wace shekara ce.

Harshe ma haka. An tsara gwaje-gwajen nan ne da Turanci, kuma yawancin yaran da aka fara aunawa don a san matsakaicin maki ba irin tarbiyyar namu suka samu ba. Ka ɗauki yaron da ya taso a makarantar allo, ya haddace izu 20, ka ce ya riƙe kalmomin Turanci goma da bai san ma'anarsu ba, ko ya jero Disamba, Nuwamba, Oktoba alhali Muharram da Safar ya fi sani. Zai faɗi, kuma faɗuwar ba ta ce komai ba game da ƙwaƙwalwarsa. Haka wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, sai waya, za a ce ba shi da zafin nama, shi kuwa a fili kafin ka ƙifta ido ya kwashe ƙwallo daga ƙafarka. Wannan ne ya sa nake ganin awon yaro da kansa ya fi amfani a wurinmu fiye da ƙasashen da aka ƙirƙiro shi, don su suna da teburin matsakaicin makin yaransu da za su koma gare shi, namu yaran kuwa wancan teburin ba lalle ya dace da su ba. Sharaɗin shi ne duk harshen da aka yi awon farko da shi, da shi za a yi na biyu, kuma a rubuta.

Yanayin da aka yi awon shi ma yana shiga cikin makin. Yaron da ya kwana gidan kallo yana kallon wasan Turai, ya yi barcin awa huɗu, ba za a sami awonsa na gaskiya ba. Haka mai zazzaɓin cizon sauro, ko wanda ya gama atisaye yanzu yana haki, ko a tsakar ranar watan Afrilu da azumi a baki. A tara yara 30 a aji ɗaya ana surutu ana dariya, shi ma yana rage maki. A nemi safiya, wuri mai inuwa da shiru, a yi wa kowa shi kaɗai. A tambayi tarihinsa: ya taɓa buguwa a kai, ko faɗowa daga babur? Yana da ciwon kai na ɓari ɗaya? Sikila? Yana sa tabarau? Karatu na yi masa wuya tun da? Kuma kada a yi mamaki idan lafiyayyen yaro ya ce yana yawan jin ciwon kai ko gajiya, da yawa suna faɗin haka tun ba abin da ya same su, 'yan mata ma sukan fi faɗa. Amfanin rubutawa ke nan, don ranar da ya bugu a san wanne ne sabo.

Akwai masu wayo kuma, waɗanda ke yin sanyi da gangan a gwajin farko don ko sun bugu makinsu ya yi daidai a bar su su buga. Gwajin kwamfuta na da hanyoyin kama wasu daga ciki. Amma maganin da ya fi shi ne koci ya zaunar da yaransa ya ce, "Ku ji nan, wanda ya fito saboda ya bugu a kai, lambarsa na nan tana jiransa." Tsoron rasa gurbi ne ke sa yaro ƙarya.

Kada kuma a ɗora wa gwajin nan abin da ba zai iya ɗauka ba. Ba ya hana buguwa, shi kaɗai ba ya tabbatar da ciwon, kuma ba takardar izinin komawa fili ba ce. Ƙwararrun ma ba su ce wajibi ne ga kowane yaro ba, likita na iya duba wanda ba shi da awon farko ya kula da shi yadda ya kamata. Yaro na iya cin gwajin tsaf alhali kansa na sara, kuma mai ciwon kai bai warke ba ko da maki nawa ya ci.

A jihar Washington ta Amurka, a 2006, wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Zackery Lystedt ya bugu a kai yana wasan ƙwallon Amurka. Ya ɗan huta, aka mayar da shi, a ƙarshen wasa ya yanke jiki ya faɗi. Sai da aka yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa, ya rayu amma da nakasa. A 2009 jihar ta yi doka da sunansa: duk yaron da ake zargin ya samu girgizar ƙwaƙwalwa a fitar da shi, kuma ba zai dawo ba sai da rubutaccen izinin ma'aikacin lafiya. Bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba shi ne abin tsoro, kuma yara da matasa ya fi kamawa. Hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ma, daga 1 ga Yulin 2024, ta ba gasanni damar ƙarin canji na musamman don wanda ya bugu a kai, don kada koci ya ji yana asarar canji.

[Hoto: koci ya durƙusa gaban yaro a gefen fili]

To Koci, kai da ba likita ba, me za ka yi a bakin fili? Tambayar "ya sunanka" ba ta isa ba, kusan kowa zai amsa. Tambaye shi abin da ya faru yanzu-yanzu: wane fili muke? An tafi hutun rabin lokaci ko tukuna? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe? Da wa kuka buga wasan da ya wuce, kun ci ko an ci ku? Ya kuskure ɗaya, ko ka ga yana tangaɗi, ko idonsa ya yi wani iri, ya gama wasan yau. Ko ya amsa duka, in zuciyarka ba ta kwanta ba, ajiye shi. Idan kuwa akwai ciwon wuya, ko amai, ko jijjiga, ko ya suma, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko hannu ko ƙafa ta yi rauni, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko yana ta ƙara rikicewa, wannan na asibiti ne nan take, sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko wanda ya fi kusa. Mai ciwon wuya kuma kada a ciccibe shi yadda aka saba, a bar kansa da wuyansa yadda suke har a sami wanda ya iya ɗauka. Wannan duk ya shafi 'yan kwando da 'yan kokawa, balle 'yan dambe, inda kan ne ma abin nema.

A gida, kwana ɗaya zuwa biyu na farko ya huta, ya rage kallon waya, kada ya hau babur, kada a bar shi shi kaɗai a daren farko. Ba sai an kulle shi a ɗaki mai duhu ba, ɗan tattaki a tsakar gida yana da kyau. Kada a je kemis a haɗo masa magani don ya samu ya buga gobe. Makaranta ce ke fara dawowa kafin fili. Daga nan a bi a hankali: tafiya da sassarfa, sai atisaye shi kaɗai, sai atisaye da 'yan'uwa ba tare da karo ba bayan likita ya duba shi, sai cikakken atisaye, sannan wasa, kowane mataki aƙalla kwana guda, in alamun suka dawo a koma baya. Yawancin yara na warkewa cikin mako huɗu. A Birtaniya, ƙa'idar da aka fitar a 2023 don wasannin unguwa da makarantu ta ce ba a komawa gasa kafin kwana 21.

Ga makarantu da akadamin da ke son fara awon tushe, Jami'ar Bayero na yaye likitocin fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi, a garin nan, akwai kuma nas-nas da likitoci a kusan kowace unguwa, wasunsu ma tsofaffin 'yan ƙwallo ne. A nemi ɗaya ya ware safiyar Asabar biyu kafin a buɗe kaka. Kowane yaro shafinsa daban, da sanin iyayensa, kuma littafin ya zauna a hannun ma'aikacin lafiyar, ba abin nuna wa kowa ba ne. A saman shafin a sa kwanan wata, shekarun gaskiya, harshen da aka yi gwajin da shi, da awa nawa ya yi barci daren jiya. A ƙasa kuma, kafin yaron ya tashi daga kujera, a rubuta watan da za a sake auna shi baɗi.